Motar da Na Lulluɓe da Tamfol

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin ruwa a dam ɗin Tiga, aikin kuwa bai wuce buɗewa da rufewa ba. In takarda ta zo daga ofis ta ce a saki ruwa, in saki. In ba ta zo ba, ko manoman rani za su cika ƙofar ɗakin aikina suna rantsuwa tumatirinsu ya fara kwanciya, sai in ce su je su kawo takarda. Sun zage ni a bayan idona, wasu ma a gaban idona, ban taɓa rasa barci a kan haka ba. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin mutumin da ya sayi motar.

Da na yi ritaya aka biya ni haƙƙina, sai na ce mota zan saya. Ban taɓa mallakar abin hawan da ya wuce babur ba, shi ɗin ma gwiwoyina sun fara ƙin sa. Maiɗakina ta ce in sayi gona, na ce na gaji da kallon gonaki. Kusan duk abin da aka ba ni a kan motar nan ya tafi, ba ni kuma da wata ritayar da nake jira.

Wani dillali ɗan wajen Badafi ne ya haɗa cinikin. A da dillalin shanu ne, da ya ga la'adar mota ta fi tsoka sai ya koma can, amma bakinsa bai baro kara ba. In yana yabon mota sai ya riƙa bubbuga bayanta yana cewa lafiyayya ce, ba ta da tabo. Shi ya kai ni Tudun Wada, gidan wani Alhaji mai fataucin masara. Motar ta hannu ce, ruwan toka, doguwa mai faɗin but, ga ta da tsayi daga ƙasa, irin wadda hanyoyinmu suke so. Fentinta sai sheƙi yake yi.

Na zagaya ta sau biyu. Na leƙa inji duk da ban san abin da nake nema a ciki ba, na bugi taya da ƙafa don na ga haka masu saye suke yi. Ban zo da bakanike ba. Na so in zo da shi, amma dillalin ya ce shiga gidan dattijo kamar Alhaji da bakanike tamkar tuhuma ce, ni kuma kunya ta kama ni na yarda. Abin da na iya kawai shi ne na tambayi Alhaji ko ta taɓa haɗari.

Ya ce, "Ƙuje-ƙujen hanya dai, Malam, wanda ba a rasa ba."

Aka rubuta takarda. A ƙasanta akwai layin da ya ce an sayar da motar a yadda mai saye ya gan ta. Na sa hannu, aka yi addu'a, aka raba goro, na tuƙo abata a hankali har gida.

Mutumin da na fara ɗauka a cikinta maƙwabcina ne, wanda nake kira Baba. Lokacin da aka turo ni Tiga ina saurayi, ban san kowa ba, shi ya ba ni ɗaki a soronsa, na shekara biyu ina cin tuwon gidansa bai taɓa karɓar ko sisi ba. Shi ya je nema mini aure a matsayin uba, shi ya nuna mini filin da na gina, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Bai yi boko ba, don haka duk takardar da ta shigo gidansa, ta asibiti ce ko ta makarantar jikoki, wurina yake kawowa in karanta masa. Bai taɓa kirana da sunana ba, Ma'aikaci yake ce mini. A lokacin da nake ba da labari ya tsufa, ga ciwon ƙugu tun wata faɗowa da ya yi daga kan rumbu, ko kusa ba ya iya zama a kan babur.

Na kai shi bakin dam muka dawo. Da na buɗe masa ƙofa ya sauka, sai ya ce, "To, yau unguwa ta yi mota."

Gaskiya ya faɗa. A wurinmu wanda ya sayi mota ya saya wa unguwa ne, shi nasa zuba mai da tuƙi. Cikin mako bakwai na kai ta'aziyya Kiru, na kai mai jego asibitin Bebeji, na ɗauki gara, na ɗauki injin ban ruwan wani zuwa wurin gyara, har rago na taɓa ɗauka a but. Ban ƙi ba. Mutumin da ya shekara talatin yana cewa a'a, ashe akwai daɗi in ya samu abin da zai ce to a kai.

Abin da ya fara damuna shi ne sitiyarin yana ja hagu, tayar gaba kuma ta cinye ta ciki alhali sabuwa ce. Na kai ta wurin wani bakanike a cikin gari. Ya hau da ita kan rami, ya shiga ƙasa da tocila, ya daɗe har na fara gajiya da tsayuwa. Can sai ya ce in sauko. Ya kankare wani baƙin abu mai kama da kwalta da aka shafe ƙasan motar da shi, sai ga ɗinkin walda ya bi ƙarfen daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce wannan ƙarfen shi ne shasi, a kansa jikin motar duka yake zaune.

Ya ce, "Baba Malam, motar nan ta taɓa karyewa. Haɗa ta aka yi, aka shafe don kada a gani."

Na tambaye shi ko za ta kashe ni. Ya ce in ana bin ta a hankali za ta iya shekaru, amma ranar da ta ci karo ko ta faɗa rami da gudu, daga ɗinkin nan za ta buɗe. Ya ce ko kusa ba ta kai kuɗin da na biya ba. Sannan ya ƙara haska wurin ya yi dariya, ya ce ya ma san hannun wanda ya yi aikin, wani mai walda ne a Tudun Wada da suka yi koyo tare. Kowane mai walda, in ji shi, da irin ɗinkinsa.

Na fito daga ramin rigata duk baƙin mai. Ban yi faɗa ba, ban yi ihu ba, sai dai na nemi benci na zauna.

Na kira dillalin, ya ce ciniki ya riga ya faɗa, an yi addu'a, ya za a yi da ƙaddara. Alhaji bai ɗaga waya ba sai a kira na huɗu, ya ce lafiya lau ya ba ni mota, in ta karye to a ramukan Tiga ta karye.

Kafin magariba labari ya gama unguwa, kowa ya zama alƙali. Yawancin 'yan majalisarmu cewa suka yi in kai wa 'yan sanda, zamba ce, a kama shi ya kwana a can ya ji a jikinsa. Na so hakan a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma wani tsohon direba ya ce in tuna motar za ta zama abin shaida, za a ajiye ta a harabar ofis rana da ruwan sama su yi ta dukanta har a gama, kuma kama mutum daban, dawo da kuɗi daban. Ni ba kwanan Alhaji a kulle nake so ba, kuɗina nake so.

Washegari na kira ɗan wani abokin aikina, lauya ne a Kano. Yaron kirki, bai ruɗe ni ba. Ya ce zai iya rubuta wa Alhaji takardar gargaɗi, in ya ƙi a shigar da ƙara a nemi kuɗin da diyya. Layin nan na ƙasan takarda zai ba mu wahala, amma ba ya kare wanda aka tambaya ya ɓoye. Ya ce akwai ofishin da ake kai kukan masu saye, sai dai ya fi ƙarfi a kan kamfani, ba mutumin da ya sayar da motarsa a ƙofar gidansa ba. Da na tambaye shi tsawon lokacin da shari'ar za ta ɗauka, sai kawai ya ce, "Baba, tunda dukkanku Musulmi ne, ga kotun shari'a nan kusa da inda aka yi cinikin, ni a ganina can za ka fara. Ka adana takardar, ka ɗauki hoton waldar."

Kafin in je kotu na ce bari in ji ta bakin malaminmu, wanda yake ba da karatu a soronsa bayan la'asar. Na jira ɗalibai suka ragu, na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ya sa aka miƙo masa wani littafi, ya buɗe. Ya ce abin da ya same ni ba sabo ba ne, tun ana cinikin jakuna malamai suka gama maganarsa. In aibi tsoho ne, ɓoyayye, kuma yana rage darajar kaya, mai saye yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya san aibin ya ɓoye, cewa an sayar a yadda aka gani ba ta amfanarsa.

Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma ka kula da abu guda. Wanda ya ga aibin jaki, sannan ya ɗora masa mangala ya tafi kasuwa, ya nuna ya yarda da jakin ke nan, zaɓinsa ya faɗi. Daga yau kada ka hau ta, kada ka ba da aronta, kada ka gyara."

Ya lashi yatsa ya juya shafi, da alama akwai saura. Ni kuwa na riga na samu abin da na zo nema, doka gajera mai layi uku, irin wadda na saba aiki da ita. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na gane." Na yi godiya na ɗauki takalmana.

A ranar na kira mai unguwa da Baba. A gabansu na karanta lambar da ke nuna tafiyar da motar ta yi, mai unguwa ya rubuta, na ɗauki hoto. Na ciro tamfol ɗin da muke shanyar shinkafa na lulluɓe ta a ƙofar gida, na danne gefunan da duwatsu, makullin kuma na ba maiɗakina ta sa a ƙasan akwati. Baba ya ce shi zai yi mini shaida, tunda dakalinsa yana kallon motar daga safe har yamma kuma ba shi da wurin zuwa.

Mun gwada sulhu. Ni da mai unguwa muka shiga motar haya muka je Tudun Wada, Alhaji ya karɓe mu da fura mai sanyi, ya raka mu har bakin titi, bai matsa ko taku ɗaya daga maganarsa ba. Daga nan na wuce kotu na shigar da ƙara. A zaman farko alƙali ya ji ta bakin kowa, ya ce zai turo ma'aikacin kotu da bakanike su duba motar a inda take, ya ce a nemo mai waldar, ya ba mu wata Litinin.

Tsakanin nan na koma sana'ata ta da. Mai neman a kai shi suna na ce a'a, mai kayan miya na ce a'a. Wani baƙo da ban taɓa gani ba ya zo ya ce zai ɗauke ta haya kwana ɗaya da kuɗi mai kauri, na tambaye shi daga ina, ya ce daga wajen Badafi, na ce ya gaida mutanen can. Bayan kwana biyu sai ga dillalin da kansa, fuska a sake, wai mu ɗan zagaya da ita ya ji jan sitiyarin da nake faɗa, ko ya samu abin da zai lallashi Alhaji da shi. Na ce ya ɗaga tamfol ya shiga ƙasa ya gani da idonsa. Ya dube ni, na dube shi, muka yi dariya. Mutumin da ya girma a kara ya san hukuncin jakin nan tun kafin a haifi malaminmu. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Ranar Talata, saura kwana shida a zauna, da hantsi ina soro sai ga Baba ya yi sallama. Yana sanye da rigar da yake zuwa Juma'a da ita, ga sandarsa, babban ɗansa mai sana'ar kamun kifi yana biye da shi da jaka a hannu. Na tashi na ba shi buzu, ya ce ba zama zai yi ba.

Yana da ƙanwa, ita kaɗai ta rage masa a ɗakinsu, tana aure a wani ƙauye a gindin duwatsu bayan Doguwa. Na san sun samu saɓani a kan gonar gado shekaru da yawa, tun daga nan sai dai gaisuwa ta bakin mutane. Ya ce an kira ɗansa da safen nan, jikinta ya yi tsanani, ta daina cin abinci.

Ya ce, "Ta ce in zo mu yafi juna. Ma'aikaci, ka kai ni."

Na ce, "Baba, ka san motar nan ba ta da lafiya, hanyar can kuma ka san ta."

"Da ita ka kai mu Kiru, tana da ciwon nata."

"Lokacin ban sani ba."

Ya ce, "To."

Ni da shi duk mun san ba tsoron hanya ba ne. Damina ta ɗauke, hanya ta bushe, bakanike kuma ya ce a hankali za ta yi shekaru. Don haka na faɗa masa gaskiya. Na ce in na motsa ta shari'ar ta tafi, haƙƙina na shekara talatin ya tafi, kuma Litinin ce kawai ta rage.

Ya juya ya kalli tamfol ɗin ya ɗan jima. Sannan ya ce, "Haka ne. Ba komai, Ma'aikaci."

Ban zauna ba, in ma wannan abin faɗa ne. Na je gidan wani mai mota a unguwar gaba aka ce ya tafi Kano tun asuba. Na kira direbobi biyu, ɗaya yana Jos, ɗaya ya ce ba ya shiga hanyar ƙauyen. Da na shiga gida ɗaukar kuɗin mota, maiɗakina ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Malam, ka koma wurin malam mana ka tambaye shi. Nan da can ne fa." Na ce mata na riga na tambaya, an kuma ba ni amsa. Na raka su tasha, na biya musu kujerar gaba saboda ƙugunsa, na tsaya har motar ta cika. Ba ta cika ba sai bayan azahar.

Sauran daga bakin ɗansa na ji. A Tudun Wada sun sake jiran wata motar ta cika. Kafin su ratsa dajin Falgore su kai Doguwa, motar ƙarshe mai shiga ƙauyen ta tashi, sai babura, Baba kuwa ba ya iya babur. Suka kwana a Doguwa. Da safe suka samu akori-kura mai kai buhuna, aka ɗora shi a gaba. Suna shiga garin suka haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta, ƙanwar tasa ta rasu tun da asuba.

Na san hanyar nan. Da a ce na ɗage tamfol da hantsin Talata, da a ƙauyen za mu yi sallar la'asar.

Na je ta'aziyya ranar sadakar uku, a motar haya da babur. Baba yana zaune a cikin mutane a kan tabarma, na durƙusa na yi masa gaisuwa, ya amsa yadda yake amsa wa kowa, ya tambaye ni mutanen gida. Ya dawo Tiga ranar Asabar. Ban iya tuna masa maganar shaida ba, na yanke cewa mai unguwa kaɗai zan tafi da shi, abin da zai faru ya faru. Ranar Litinin da sassafe na fito sai na gan shi a kan dakali da rigar Juma'ar nan da sandarsa.

Ya ce, "Ba yau ce kotun ba?"

Zaman bai yi tsawo ba. Ma'aikacin kotu ya faɗi abin da suka gani a ƙasan motar. Mai waldar ya zo, mutum ne marar son magana, ya ce shi ya haɗa ta bayan ta yi karo da babbar mota, Alhaji ne ya kawo masa aikin, shi ya kuma ce a shafe wurin. Alhaji bai musa ba. Sai ya juya ta inda na san zai juya, ya ce ko da haka ne, na ga aibin na ci gaba da hawa, kowa ya san motar unguwa ce, ba yadda za a yi ta yi mako uku a tsaye a gari irin Tiga.

Alƙali ya tambaye ni ko na hau ta bayan na sani. Na ce daga gareji zuwa gida ne kawai. Mai unguwa ya miƙa takardar da ya rubuta lambar, ta yi daidai da wadda ma'aikacin kotu ya gani. Alhaji ya ce lamba ai waya ce, ana cire ta a yi tafiya a mayar. Alƙali ya ce ko akwai wani shaidan. Baba ya dogara sandarsa ya miƙe, aka ce ya zauna ya yi magana, ya ce zai iya tsayuwa.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, dakalina yana kallon motar nan. Bai motsa ta ba. Ranar Talatar da ta wuce ni da kaina na je na roƙe shi ya kai ni wurin ƙanwata tana kan gargara, bai kai ni ba. Na tafi a motar haya, na tarar an binne ta. Wanda bai ɗage tamfol ɗin nan saboda ni ba, ba wanda zai ɗage wa."

Ba da fushi ya faɗa ba, ba kuma don ya tozarta ni ba. Ya zo yi mini shaida ne, ya kawo mafi ƙarfin abin da yake da shi. Har dillalin sai da ya sunkuyar da kai. Alƙali ya ajiye biro ya yi wa Baba ta'aziyya, aka shafa fatiha. Sannan ya yanke hukunci, Alhaji ya karɓi motarsa ya mayar mini da kuɗina cikin kwanakin da aka ɗiba masa.

Ina shirin tashi alƙalin ya ce in dakata. Ya tambaye ni wa ya ce mini lalura irin wannan tana zubar da haƙƙi. Ya ce hawan da ake nufi shi ne wanda yake nuna mutum ya yarda da kayan, wanda larura ta tilasta wa kuwa ba a cewa ya yarda. Da na sa mai unguwa ya shaida dalilin tafiyar, ko na aiko kotu na faɗa, da shi bai ga abin da zai hana ni haƙƙina ba. Ya faɗa a taƙaice, ya kira ƙara ta gaba.

Daga baya na koma wurin malaminmu na ba shi labari. Ya sa aka miƙo littafin, ya buɗe daidai shafin da ya juya ranar nan, ya nuna mini da yatsa. Ya ce, "Shi zan karanta maka ka ɗauki takalmanka."

A hanyarmu ta dawowa daga kotu ni da Baba muka zauna a kujerar gaba, kafaɗata tana gogar tasa. Muna ta wuce gonakin dawa. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, har yau kuma ba ta sake ni ba. Da muka kusa gida na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Ni ba ka yi mini komai ba, Ma'aikaci. Ita ce take nemana."

Alhaji ya cika umarnin kotu. Direbansa ya zo ya ɗage tamfol, batir ya mutu sai da aka tura. Na sayi gonar da maiɗakina ta ce tun farko, tana nan muna ci, ita kuma ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba.

Baba ya yi shekara huɗu bayan wannan. Bai canza mini fuska ba. Kullum da safe na gaishe shi ya amsa da fara'a, in masararsa ta nuna ya aiko mana da ta fari kamar yadda ya saba, da aka yi wa jikata suna shi ya raba goro. Abu ɗaya ne kawai. Daga wannan Litinin ɗin, duk takardar da ta shigo gidansa sai ya ɗauki sandarsa, ya bi ta ƙofata, ya gaishe ni, ya wuce da ita gidan mai unguwa a karanta masa.